Rubutu a Fuskar Hajiya

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Kankiya ya san Zainul Abidin, ko yana so ko ba ya so. In idonka bai faɗa kan lemarsa mai ruwan ɗorawa ba, to kunnenka ba zai tsira daga bakinsa ba. Sana'arsa tura waƙoƙi da finafinai da wa'azi a memorin waya. Jarinsa kuwa teburi ɗaya mai ɗingishi, da wata tsohuwar laftof ta hannu wadda aka ɗaure murfinta da salatif. Amma a jikin teburin ya sa an rubuta masa da jan fenti: INJINIYA ZAINU, LIKITAN NA'URA. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi injiniyan, balle likitan. In ka tambaya sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce, "Nan ce jami'ar."

Ashiru mai shayi, wanda teburinsa ke jingine da na Zainu, shi ya fi kowa shan wahalar wannan jami'a. Ya ji labarin kamfanin Legas da ya yi ta roƙon Zainu ya ƙi zuwa. Ya ji na Baturen da ya bugo waya yana neman shawara. Ya ji su har ya fi mai labarin iya su, don wani lokaci shi ke tuna masa inda ya tsaya.

Abu ɗaya ne bakin Zainu ya kasa samo masa, shi ne Rauda, 'yar Malam Ummaru ta Kusada. Yana sonta, wannan kam ba ƙarya a ciki, wataƙila ma ita ce gaskiya ɗaya tilo da yake faɗa a rana. Sauran samari in za su zance turare suke riƙewa ko sabulu. Shi kuwa duk zuwa da sabon memori, cike da waƙoƙi, har Rauda ta samo gwangwanin alawa tana tara su. Sai dai a gidan Malam Ummaru ba a yanke magana sai mahaifiyarsa ta sa baki. Halimatu Sa'adiya ke nan, tsohuwa mai man gyaɗa da ƙuliƙuli, wadda ta yi shekaru tana kiwon raguna tana sayarwa har Allah ya kira ta Makka. A bana ta je, ta kuma dawo da haƙorin zinare da bakin da ya fi na da kaifi.

Zainu ya je yi mata barka da dawowa cikin shadda mai sitaci, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara.

"Kai ne mai memorin?" in ji Hajiya.

"Injiniya dai, Hajiya."

"To Injiniya, ga damuwata." Ta zaro wata 'yar waya daga lalitarta. "Hotunana na nan ciki, tun daga Madina har Arfa. Ƙawayena na Kaikai da Bauranya da Dudunni za su zo walima. Tare muka tsufa bakin kasko, ba wadda ta taɓa wuce Kano. So nike su ga ɗakin Allah, su gan ni a gabanshi. Amma idanunmu sun tahi, wayar kau kamar akwatin ashana."

Zainu ya miƙe zaune, ya manta da ladabin da ya shigo da shi. "Hajiya, wannan ai aikin yara ne. Majigi zan kawo. Bango guda zan cika da ke, wanda ke Dudunni ma sai ya hango ki daga gona."

Hajiya ta dube shi daga hula zuwa takalmi. "In ka yi wanga, ka turo manyanka. In ka kunyata ni gaban mutanena, ko a mafarki ka ga hanyar Kusada ka sake wata. Ummaru, ka ji?"

"Na ji, Inna," in ji Malam Ummaru daga bakin ƙofa.

Haka Zainu ya koma Kankiya da memorin Hajiya a aljihun gaba, yana tafe yana zaɓen abokan ango. Duk ɗan sana'ar da ya san abin da yake yi, kwafar hotuna zai yi ya bar na asali a inda suke. Zainu ya ga kwafa aikin 'yan koyo ne. Sai ya kwashe su kaf zuwa laftof ɗinsa, ya wanke memorin tas, ya cika shi da ƙira'a, wai tsarabar suruki. Ya mayar da memorin cikin wayar Hajiya bai ce mata komai ba, yana jiran ranar da za ta gano alherin da kanta ta sa masa albarka.

Ya aro majigi daga gidan kallon ƙwallo, ya kai Kusada gwaji. Aka saki labule a ɗakin Hajiya, aka haska bango. Nan fa matsala ta leƙo. Matar da ta ɗauki hotunan, wata abokiyar ɗakin Hajiya ce a Makka, kuma ta fi damuwa da Ka'aba da hasumiyoyi fiye da mai wayar. Saboda haka a kowane hoto Hajiya tana can ƙasa, a kusurwar dama, daga kafaɗa zuwa kai. A daidai wannan kusurwa kuma laftof ɗin Zainu take da wani farin rubutun Turanci mai layi biyu, wanda ya daɗe a wurin har Zainu ya daina ganinsa.

"Mi ye wanga bisa hancina?" in ji Hajiya.

"Ado ne, Hajiya. Haka manyan kwamfutoci suke zuwa."

Rauda, wadda ta gama sakandare kuma ba ta iya ganin rubutu ta ƙyale ba, ta matso kusa da bango. "Cewa ya yi ba a biya lasisin Windo ɗin da ke cikin kwamfutar ba, a je a biya."

Hajiya ta ajiye carbinta.

"Ni? In dawo daga ɗakin Allah a rubuta mani ba a biya ba a tsakar fuska? Ni da ko allura ban taɓa ɗauka ban biya ba?"

"Kafin walima ya ɓace, Hajiya," in ji Zainu, gumi na bin wuyan shaddarsa. "Turawan da suka rubuta shi da kansu sai sun yi mamaki."

Tsallaken titi daga teburin Zainu akwai shagon Madam Ronke, mai buga takardu da wanke hoto. A Kankiya aka haife ta, Hausarta ta fi ta Zainu daɗin ji, kuma a wurin Hajiya take sayen man gyaɗa. Da labari ya iso mata ta bakin Ashiru, sai ta tsallako da kanta.

"Zainu, ka sayi lasisi ka huta. In ba hali, ka ɗauki tawa ranar walimar, ba ta da rubutu."

Ai kuwa kamar ta zage shi. Shekara da shekaru yana gaya wa mutanen tasha cewa Madam ba ta san komai ba sai danna haruffa, yau kuma a gan shi da kwamfutarta a hammata?

"Madam, lasisi na waɗanda ba su san hanya ba ne. Kuma Injiniya ba ya aro."

"Majigin fa, gadonka ne?"

"Wannan haɗin gwiwa ne," in ji Zainu.

Hanyar da yake nufi ita ce wata 'yar manhajar sata da 'yan sana'a ke kira kirak, wadda ke yaudarar kwamfuta ta ɗauka an biya. Zainu bai taɓa sa ta ba, amma ya ga wani mutum a bidiyo yana yi, mutumin da ba a nuna fuskarsa ba sai yatsunsa. Ya bi adireshin da yatsun suka nuna, ya faɗa wani shafi mai maɓallai kore-kore, kowanne na cewa shi ne na gaskiya. Don kada ya yi kuskure sai ya danna su duka.

Nan take manhajar tsaron kwamfutar, wadda shi yake kira maigadi, ta fara ƙara tana fito da jan gargaɗi. Zainu ya duba bayanin kirak ɗin. Layin farko ya ce a kashe maigadi tukuna.

Ashiru, da ke leƙe ta kafaɗarsa da butar shayi a hannu, ya ce, "Injiniya, baƙon da ya ce sai ka kori maigadi kahin ya shigo, baƙon kirki ne kau?"

"Kishi ne irin na kamfanoni. Kai dai ji da madararka."

Ya kashe maigadi. Wani baƙin akwati ya buɗe, rubutu ya yi ta gudu a ciki, laftof ta mutu ta farfaɗo. Da ta dawo, kusurwar dama fes, babu rubutu.

Ranar mutanen tasha sun ga ta kansu. Zainu ya ɗauki laftof a buɗe ya shiga zagayawa da ita, daga masu faci zuwa masu lemo, yana tura ta gaban hancin kowa.

"Ku dubi nan. Me kuka gani?"

"Ba komi."

"To wannan ba komin, ni na yi shi!"

Har bakin shagon Madam ya je ya tsaya, ya ɗaga ta sama kamar an ba shi kofi. Madam ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai kan aikinta.

Kashegari laftof ta tashi da wani gurnani irin na injin markaɗe. Zafinta kuwa, Ashiru ya rantse in aka ɗora burodi zai gasu. Datar da Zainu ya saya don ta kai shi wata ta ƙare kafin Azahar. Kibiyar da ke kan allo ta fara yawo ita kaɗai, tana buɗe abubuwa tana rufewa.

"Wa ke taɓa ta?" in ji Ashiru, yana ja da baya.

"Motsa jiki take yi. Sabon sistam haka yake."

Sai ga Bube ɗan kabu-kabu ya ci burki a gaban lema har ƙafar teburin mai ɗingishi ta goce. Bube mutum ne da ba ya iya tuƙa babur sai rediyonsa na tashi, kuma jiya-jiya ya kawo memorinsa aka ƙara masa waƙoƙi.

"Injiniya, waƙa na ce ka tura mani, kai kau ka tura mani shiru! Har na da ɗin ma sun tahi!"

"Suna ciki. Sun koma sabon tsari ne, rediyonka ne tsoho."

"Sabo ne, ledarshi na gida!"

"To ledar ce sabuwa."

Kafin Bube ya gama zagi, mai awara ta iso da tata wayar, finafinanta sun zama fararen takardu marasa buɗuwa. Bayanta wani direban Katsina, wanda ya ce wa'azin da yake sa wa fasinja ya ɓace, dole suka koma hirar siyasa, har aka ba hammata iska a cikin motarsa kafin Charanchi. Duk memorin da ya shiga laftof ɗin tun daga ranar kirak, ya fito da cuta, ya kuma kai wa wayar mai shi. Layin da Zainu ya daɗe yana mafarkin gani a gaban teburinsa ya samu, sai dai kowa a layin da ashar ya zo.

Mai hankali a nan zai tsaya. Zainu kuwa sai ya yanke cewa kirak ɗin farko ne bai ƙoshi ba, ya sauko da na biyu don ya yi maganin na farko. Da suka fara rigima a ciki, allo na ƙiftawa, sai ya sauko da na uku don ya sasanta su. Zafin kuma ya samo masa dabara: ya sayo ƙanƙara, ya naɗe ta a buhu, ya ɗora laftof a kai. Ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙasan teburi kamar an shanya wanki.

Madam Ronke ta sake tsallakowa, wannan karon ba wasa a fuskarta.

"Zainu, na roƙe ka, hotunan tsohuwar nan ka turo mani su in ajiye. Ba zan gaya wa kowa ba."

"Don a ce ke kika yi aikin? Na gane ki, Madam. Kin ga rubutu ya ɓace hankalinki ya tashi."

Madam ta juya ta koma shagonta. Shi kuwa a jajibirin walima har ya samu sukunin cika wani sabon memori ya kai wa Rauda, ya tsaya sai da ya ga ta sa shi a wayarta.

Ranar walima damina ta yi musu kara, sama ta washe. Tun La'asar tsofaffi ke sauka daga babura da amalanke, daga Kaikai, daga Bauranya, daga Dudunni, wasu da laka a ƙafa don daga gona suka wuto. Aka raba dabino, aka zagaya da zamzam a 'yan kofuna, kowa ya kurɓa ya shafa sauran a fuska. Bayan Magariba aka ɗaure farin zanin gado a bakin babbar ƙofar da ake shigar da amalanke. Maza suka zauna a tabarmi ta waje, Liman a gaba. Mata suka cika tsakar gida ta ciki. Haske in ya bugi zanin yana ratsawa, don haka kowa zai kalla ta ɓangarensa ba a cakuɗa ba. Bube ne ya kawo Zainu da kayansa, don duk tashar ba wanda ya yarda ya ɗauke shi sai shi, shi ma don ya ci gaba da zagin da bai gama ba ne.

Janareto ya tashi. Zainu ya haɗa laftof da lasifika, ya kuma jona ta da datar wayarsa, wai don hoton ya ƙara ƙarfi. Sannan ya karɓi makirfo, abin da ba wanda ya ba shi.

"Jama'ar Kusada da kewaye! Abin da za ku gani yau ko a birnin Katsina ba a taɓa yi ba. Turawa sun sa wa wannan na'ura takunkumi, ni Injiniya Zainul Abidin na kwance shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina shan shayi!"

"A nuna mana Hajiya!" wani ya faɗa daga baya.

Ya danna. Kuma don Allah a faɗi gaskiya, abin da ya fito ya yi kyau. Ga Ka'aba ta cika zani, baƙa wuluk da zinarenta, ga fitilu, ga taron farare. Can a kusurwa ga Halimatu Sa'adiya cikin farin hijabi tana murmushi, fuskarta tas babu ko ɗigo. Daga ciki muryar wata tsohuwa ta tashi tana rawa: "Sa'a ce! Wallahi Sa'armu ce!" Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta fashe da kuka. Liman ya ce masha Allah. Zainu ya ji ƙirjinsa ya cika, ya waiga yana neman idon Malam Ummaru.

Bai gama waigen ba lasifika ta kwarara wani kiɗa. A kan Ka'aba, daidai tsakiya, wani faifan caca mai launi-launi ya buɗe yana juyawa, tsabobi na zuba.

"A'uzu billahi!" in ji Liman.

"Talla ce, yanzu za ta wuce!" Zainu ya kai kibiya ya rufe faifan. Biyu suka fito a madadinsa. Ya rufe biyun, suka haifi 'ya'ya. Sai wata Baturiya ta bayyana a gefe, sanye da abin da ko a ɗaki ba a kira shi tufafi ba, tana kashe ido tana yafito jama'ar Kusada da yatsa.

Wuri ya kaure. Liman ya ja rawani ya rufe fuska. Dattawa suka sunkuyar da kai suna salati, samari suka sunkuyar da kai suna leƙe. Daga cikin gida kuwa ihu ne da tafa hannu, don su ma matar ta yafito su ta baya.

"Wace ce wagga?" muryar Hajiya ta keto zanin. "Ba da ita muka tahi ba!"

"Kashe!" in ji Malam Ummaru.

"Baba, in aka kashe sistam a tsakiyar aiki..."

"Na ce ka kashe!"

Zainu ya cire hularsa ya kifa a bakin majigi. Baturiyar ta koma cikin hular tana ci gaba da kashe ido, kiɗa kuma bai fasa ba. Hular ta fara ƙauri, ya janye, ta dawo zani ta ƙara girma. Ya kai hannu ya fizge wata wayar lantarki, ashe ta ƙwayayen fitilar wurin ce. Duhu ya rufe ko'ina, ya zamana a duk unguwar ba abin da ke haske sai caca da Baturiya. Wani tsoho ya tashi gudu ya taka tiren dabino. Bube na kwance a tabarma yana dariya har da shure-shure.

Zainu ya shiga danna duk maɓallin da yatsansa ya samu. Kwatsam kiɗa ya ɗauke. Zanin ya rine ja jawur, ga hoton ƙaton kwaɗon kulle ƙofa a tsakiya, ga rubutu a ƙarƙashinsa.

"Alhamdu lillahi, na shawo kanta," in ji Zainu.

Sai aka ji muryar Rauda daga bayan zani. Ta ɓangarensu rubutun a juye yake, don haka a hankali take haɗa shi, kalma bayan kalma, tana fassarawa, kowa na ji.

"Wai... duk abin da ke... cikin kwamfutar nan... an kulle shi. Hotuna... da takardu... ba za su sake buɗuwa ba."

"Barazana ce kawai," in ji Zainu, muryarsa ta sirance. "Bari in tashe ta daga farko."

Ya kashe, ya kunna. Laftof ta yi gurnani, ta yi nishi, ta buɗe. Ya shiga inda ya ajiye hotunan. Fararen takardu ne jere, irin na mai awara, ya danna wannan ya danna wancan, ko ɗaya bai motsa ba. Zanin ya koma shuɗi fayau, babu Ka'aba, babu hasumiya, babu Hajiya. Sai can ƙasa a kusurwar dama, a hankali, farin rubutun nan mai layi biyu ya dawo ya zauna a wurinsa.

Aka mayar da wayar fitilu. Hajiya ta ɗaga gefen zanin ta fito waje, abin da tsufa ya ba ta dama, wayarta a hannu.

"To a bar majigin. Ga wayata, a zagaya da ita hannu-hannu, ko da ƙanƙance ido ne su gani. Injiniya, buɗe mani wurin hotunan, na duba ban ishe su ba."

"Hajiya, ai na yi miki gyara ne. Na sa miki ƙira'a."

"Ban ji ƙira'a ba. Ina hotunan?"

"Na mayar da su nan ciki, don tsaro."

"To hito da su."

"Su ne... aka kulle."

"Ba ka aje su wani wurin ba?"

Ya dubi Malam Ummaru, ya dubi Liman, ya dubi Madam Ronke da ke tsaye a bakin zanin cikin mata, ta dafe kai da hannu biyu.

Kowa ya zaci Hajiya za ta yi masa wankin babban bargo, shi ma abin da ya yi fata ke nan, don zagi ya saba da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta mayar da wayar lalita, ta nuna cikin gida da haɓa, inda tsofaffin suka yi cirko-cirko.

"Ni na ga ɗakin Allah da idona, ɗan nan, ba ka rage ni da komi ba. Waɗancan ka hana. Wadda ta yi kukan nan, daga Kaikai ta tako da ƙafa, ido ɗaya gare ta. Hoto guda ka bari ta gani."

Sannan ta sa aka kwance zanin, aka kawo mata kujera 'yar tsugunne, ta zauna a bakin ƙofar inda maza da mata duk za su ji ta.

"Ɗaga hitilar taka ka haska mana, tunda ita kaɗai ta rage maka mai aiki."

Haka Injiniya ya tsaya riƙe da majigi a ƙirji, yana haska tsohuwa. Ita kuwa ta fara tun daga hawan jirgi, yadda kunnenta ya toshe, yadda ta ga gajimare a ƙarƙashinta. Ta ba su sanyin marmarar masallaci a tafin ƙafa, da yadda ta ɗaga kai ta ga Ka'aba. Ta ce ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya a Arfa, ta kuma sake kiransu a nan, kowace ta amsa da amin tana share ido. In hannun Zainu ya gaji hasken ya sunkuya, sai ta ce, "Ɗaga," ba tare da ta dube shi ba.

Da aka shafa fatiha, Malam Ummaru ya zo inda yake naɗe wayoyi.

"Ka gaida manyan naka," ya ce. "Ka ce masu su huta, damina ce, kowa na da aiki."

Zainu ya ɗaure kayansa a bayan babur. Yana shirin hawa Rauda ta leƙo daga zaure, ta miƙo masa gwangwanin alawa. Ya girgiza shi, memori suka yi ƙara a ciki.

"Har da na jiya," ta ce. "Ya cinye mani waya."

"Rauda, saurara. Akwai wata manhaja da ke dawo da hotuna, na ga wani a bidiyo yana yi, kuma kyauta ce, in dai aka kashe..."

Ta shige ciki. Ya ji ƙarar sakata.

Bube ya tayar da babur, suka kama hanyar Kankiya. Sun ɗan taɓa tafiya, kwaɗi na ta kuka daga gonaki. Can Bube ya kai hannu ya murɗa rediyonsa bisa sabo, bai ji komai ba. Ya taka burki a tsakiyar hanya.

"Injiniya, ni ban iya tuƙi shiru. Ko ka rera mani, ko ka sauka."

Zainu ya dubi gaba, ya dubi baya, ko'ina gero ne da dawa. Ya gyara gwangwanin a cinyarsa, ya yi gyaran murya, ya fara.